Mai Gadin Bangon Aji Ɗaya

A makarantar wani ƙauyen Zabarmawa, bangon aji ɗaya na karan gero ne, kuma awaki sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa wata siririyar tsohuwa ke zaune a gindinsa, ɗankwali a karkace, tsumagiya a cinya. In awaki suka cinye bangon, karatu ya tsaya sai baɗi, jikarta Bibata ta koma surfe.

Tana korar kowace akuya ban da wata baƙa mai karyayyen ƙaho. Ita takan bari ta ci ɗan wuri daidai idonta. Ta nan take kallon allo, bakinta na motsi tare da na yara. Da alama ba ta taɓa riƙe alli ba.

Mushe Saini, malamin ajin, ya leƙo.

"Inna, jiya fa na toshe nan."

"Na gani, ɗana. Ka iya aiki."

"To ki shigo mana, akwai tabarma."

"In shigo, wa zai tsare muku bango?"

Ya cusa sabon kara ya koma. Sai da ya juya baya ta kira baƙar a hankali.