Telan da Ya Tara Busar Sati Uku

A duk layin babu wanda ya san sunan telan nan na yanka. Sai-Gobe ake ce masa, kuma da guminsa ya ci sunan. Shekara ashirin da biyu yana taka keke a shago ɗaya, tsakanin mai faci da mai aski, bai taɓa sa wa yadi almakashi ba sai ranar da mai shi ya zo karɓa. Ranar kuwa riga uku zai ɗinka kafin la'asar, har da aljihu.

Autarsa, 'yar shekara tara, ta shiga ƙungiyar masu busa a makaranta. Aka ba ta aron sarewa. Malamar kiɗa ta ce kwatar awa kullum, ba fashi. Bayan sati uku za a gwada su, wadda ta kasa a karɓe sarewar a ba wata, don yara goma ke jira.

Ranar farko Auta ta busa har kajin maƙwabta suka yi ƙaura. Ta biyu, wai leɓe na ciwo. Ta uku sarewa ta ɓace a ƙarƙashin tarin ƙyallaye.

"Auta, ina busar yau?"

"Sai gobe, Baba."

"Ni za ki gaya wa gobe? Ni na kawo ta layin nan!"

Uwar ta leƙo daga kicin. "To, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Ana gobe gwaji ya buga lissafi irin nasa: kwata sau ashirin, awa biyar ke nan. Da azahar ya sallami masu jiran kaya, ya zaunar da ita kan bencin shago, ya dasa agogo a gabanta. Awa ɗaya, yatsu suka sage. Awa biyu, leɓe ya kumbura da gaske, sarewar na kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Mai aski ya leƙo ya ce, "Maigida, in yanka za ku yi, ku yi wa dabbar nan sauri."

Washegari shi ya raka ta. Malama ta saurari layi biyu ta ɗaga hannu.

"Malama, awa biyar fa ta yi jiya!"

"Ai na ji su duka a bakinta. Yatsa ba yadi ba ne, Malam, ba a ɗinke shi rana ɗaya."

Ta karɓi sarewar, ta goge bakin, ta miƙa wa wata yarinya. Ta ce sai zango mai zuwa, in an ga canji.

A hanyar gida Auta ba ta yi kuka ba, shi ya fi ƙona masa rai. Ya roƙi guntun bututun ruwa wajen mai faci, ya auna ramuka da tef, ya huda da ƙusa mai zafi, ya haɗa mata sarewa. Yanzu kullum kafin makaranta tana tsaye gefen keke, shi yana taka mata ƙidaya, kwatar awa cif. Sautin har yau abin a toshe kunne ne.

"Baba, ƙafarka na sauri."

"Ke busa kawai. Ƙafar nan ta girme ki."