Ƙarfen Injin Inna

Yayana mai walda ne a Madawa, kuma a bayan garejinsa ya ƙera jirgin sama. Bututun ƙarfe ne da tamfol da injin babur, sai farfela da ya sassaƙa da kansa. Mutane sun yi dariya har suka gaji, suka koma ɗaure awaki a inuwar fiffiken.

Matsalar jirgin a wutsiya take. In ya ɗora shi a kan gungume don ya auna, ya shiga ya zauna, sai hancin ya ɗaga sama, gindin ya dafe ƙasa. Injin babur ba shi da nauyi. Ya ce sai an ɗaura wa hancin ƙarfe mai nauyi, zagayayye, daidai bayan farfela. Ya bi 'yan gwangwan na Madawa kaf bai samu wanda ya yi masa ba. Sai ya tuna da injin niƙan Inna a Karofane, wanda ke da zoben ƙarfe a jikin bolan, wato faifan nan mai juyawa da ke riƙe wa inji ƙarfinsa.

Yayana ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce tana jin tsoro kada ya faɗo ya mutu. A wajenmu abin kunya ne. Tun da aka fara maganar jirgin ba ta ce uffan ba, sai dai na ga tana ramewa. Ni aka aika roƙon ƙarfen, don ni ce auta, ba kunya tsakanina da ita.

"Mi za ya yi da shi?" ta tambaye ni.

"Nauyi za ya ƙara ma hancin jirgin, Inna."

Ta ce, "Nauyi? Ƙwarai da nauyi?"

"Sai mutum biyu ka ɗaukar shi."

"A kwance a kai mai. In akwai wani ma, a ƙara."

Na yi mamaki, don da injin nan take ci da gida, kuma in ba zoben ba, ba ya aiki. Matan unguwa suka koma daka suna gunaguni, ita ma ta koma turmi da tsufanta. Amma ta saki jiki, har tana ba jikoki dariya. A lissafinta, abin da aka ɗora wa ƙarfe irin wannan ba zai taɓa rabuwa da ƙasa ba.

Bayan girbi aka ja jirgin da amalanke zuwa wani fako a hanyar Keita. Inna ta zo, wai ta biyo ne ta ga wata 'yar uwa. Ta tsaya can nesa a gindin aduwa.

Jirgin ya yi gudu yana tsalle a kan tsakuwa, sai muka ga haske a ƙarƙashin tayoyinsa. Ya tashi kamar tsayin rumbu, ya yi tafiya kaɗan a miƙe, ya sauko ya lanƙwasa ƙafa ɗaya. Ni dai ban ji murna ba.

Yayana ya fito, ya ratsa mutane ya durƙusa a gaban Inna.

"Inna, na gode. Wallahi ba don ƙarhenki ba, da bai tashi ba. Gobe in na gyara ƙahwar, sama za ni sosai."

Ba ta dube shi ba. Ta dubi tafin hannunta, inda taɓarya ta yi mata kanta. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke, ce ma wanga mutum shi maido mini ƙarhena. Yau, ba gobe ba."

Kafin in buɗe baki, ta ɗaga kai ta kira shi da sunansa, a gaban kowa, ta maimaita masa da kanta.