Zaiba a Ƙashin Tunkiya

Burulkan-eje, wato Malama Burulkan a harshenmu, ta tsufa tana koyar da ilimin sinadarai a makarantar garinmu, ni kuma ina ajin da ke jikin nata ina fama da tarihi. Bango ɗaya ya raba mu, kuma bangon nan ya sha tsaki daga bakina, don ajinta kullum kamar kasuwar tumaki yake. Gajera ce mai faɗa. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta haihu ba, sai ta mai da 'ya'yan mutane nata.

Dabararta ƙasusuwa ce. Yaranmu tun suna rarrafe suke wasan chuko: a jera ƙasusuwan ƙafar tunkiya cikin da'ira, a ja baya a jefe su da babba guda. Duk gidan da aka yi yanka sai ga Burulkan da jaka tana roƙon ƙashi, ko kunya babu. Ta dafa, ta shanya, ta rubuta wa kowanne alamar sinadari: wannan dalma, wancan farar wuta, wancan azurfa. Wanda ya fitar da ƙashi daga da'ira sai ya faɗi sunansa da gurbinsa a jadawali, in ya kasa ya mayar. Yaran da ba sa iya riƙe sunan sarki ɗaya a ajina, su ne ke zuba jadawalin nan kamar ruwa. Abin yana ƙona min rai.

A hunturun bana wani ɗalibinta, Kubat, ya zo da ƙashin jifa mai nauyin tsiya, ba ya kuskure. Ba wanda ya yi tambaya, don kowa yana huda nasa ya ɗura dalma. Ajin duka suka koma aronsa, kowa ya sumbace shi kafin ya jefa, wai sa'a. Tagogi a liƙe da takarda saboda sanyi, da'irar kuma dab da murhu take.

Wata safiya na ji ana dukan bango kamar za a rushe shi.

"Jipar! Zo, don Allah zo!"

Ban taɓa jin ta roƙi kowa haka ba. Na same ta tsaye da ƙashin a hannu. Kakin da aka toshe hudar da shi ya yi laushi, ga wani ɗigo mai sheƙi yana yawo a tafinta.

"Kubat, ɗana, wa ya cika maka wannan?"

"Kakana ne, eje. Ya ce dalma ta ragwaye ce. Yana da kwalba guda tun yana aikin rami."

Zaiba ce. A garin nan ba sai an koya wa babba mene ne zaiba ba. Daga ramin dutsen bayan gari ake haƙo ta, kuma mun ga tsofaffin da suka shaƙi tururinta: haƙora sun zube, hannu yana rawa, ba sa iya kai kofin shayi baki sai rabi ya tsiyaye a gemu. Uban Burulkan ma haka ya ƙare, ita take ba shi abinci a baki.

"Wa ya taɓa sa shi a baki?" ta tambaya a hankali.

Hannuwa suka tashi duka, har da dariya. Wata ta ce, "Eje, Kubat ma lasa yake kamar kyanwa!"

Muka kora su waje cikin ƙanƙara. Da maza suka ɗaga katakon daɓen, sai ga ƙananan ɗigo birjik a ƙarƙashi, kusa da murhu inda ya fi zafi. Ba wanda ya san tun yaushe suke zuba.

Aka rufe ajin. Likita ya ɗebi fitsarin yaran aka tafi da shi birni, sannan dusar ƙanƙara ta toshe hanyar dutse, har yau shiru. Iyaye ba su zage ta ba, da sun zage ta ma da ta fi samun sauƙi. Ta rame, faɗan ya tafi. Yanzu a ajina muke cunkushe, kuma wallahi na gwammace tsohuwar hayaniyar.

Sai ta ƙirƙiro sabon wasa. Kowace safiya yara su miƙe hannuwa, ta ɗora wa kowa takarda a bayan hannu mai alamar sinadari, wanda tasa ta motsa ya faɗi sunan. Su murna suke yi. Ita kuwa bin layi take tana kallon gefen takardun, ba ta ko jin amsar.

Jiya ta tsaya gaban Akilai, ƙaramar ajin. Takardar tana karkarwa kaɗan-kaɗan.

"Azurfa ce!" Akilai ta ce. "Na ci, ko?"

"Kin ci. Sanyi kike ji?"

"A'a, eje. Ai kusa da murhu nake."

Burulkan ta kama hannun da nata biyu ta riƙe gam, ta juyo ta kalle ni.