Mai Ɓarar Gyaɗa da Hotuna Tamanin da Bakwai

Ina tsaye a wani ɗan shagon kwamfuta a Tsanyawa. Manoman ƙauyenmu tamanin da bakwai suka ɗora mini yi musu rajistar tallafin taki, wai ni ne mai digiri. Tun safe shafin intanet na rajistar ya ƙi karɓar hotunansu. Sun yi nauyi, kuma a jikin zana na ɗauke su maimakon farin bango. Ƙarfe huɗu za a rufe rajistar.

Matar da ke gaban kwamfutar ta doshi hamsin. Da zare ta ɗaure ƙafar tabaranta ɗaya, babban yatsanta kuma ya yi kanta irin ta masu ɓarar gyaɗa. Na ji masu shigowa suna ce mata Goggo Hure. Wataƙila ta taɓa buga takardun wata makaranta kafin ta koma gona, ban sani ba.

Da na ba ta hotunan, guda ɗaya ta gyara. Ta share zanar, ta rage masa nauyi, sannan ta zaɓi sauran gaba ɗaya ta danna. Ga fuskokin mutanenmu suna fitowa bi da bi a kan fari tas.

"Ɗan boko, matsa, ka tare mini haske," in ji ta. "Wannan mai harara kawunka ne? Ko a hoto bai yarda da kai ba."

Uku da kwata shafin ya karɓi na ƙarshe. Ina ta alhamdulillahi, ita kuwa ta jawo ƙwaryar gyaɗarta daga ƙarƙashin tebur, ta ci gaba da ɓara.