Kifayen Yaya Hadiza da Tafkin Ƙauyenmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Dakta Hadiza, a hatsarin mota kan hanyar Batsari. Ni ne ƙanenta mai shagon maganin feshi a Safana, kuma da kunya nake wannan rubutu.

Aikinta a jami'a shi ne binciken wasu ƙananan kifaye masu zane kamar jakin dawa, ko ɗan yatsa ba su kai ba. 'Ya'yansu garau suke, har ana iya bin yadda ƙashi ke tsirowa a jikinsu. A gida dariya muke mata, wai duk karatun nan ya ƙare a kiwon kifin da ba ya shiga miya.

Wata damina Yaya ta ɗebi ruwan tafkin ƙauyenmu, kusa da Zakka, inda manoma ke wanke tankin feshi, ta sa ƙwan kifin a ciki. Da ta dawo ta nuna mini hotuna. Wasu bayansu ya tanƙware kamar lauje, wasu muƙamuƙinsu bai haɗu ba, wasu kuma lafiya lau. Na dangwala yatsa kan masu lafiyar na ce ai ga shi nan, gado ne, ba magani ba. Ta ce gado ne ke sa wani ya jure wani ya kasa, amma ita gubar, da hannunmu muka zuba ta.

"Ban ce ka rufe shago ba, Sani. Ka dai gaya wa masu saye su daina wankewa a tafki."

Na ce to, Yaya. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce kayana guba ne a koma shagon gaba. Ta je wajen dattawa da kanta. Suka saurara, suka sa mata albarka, suka wuce gona.

Me za ta ce yau? 'Yan bindiga sun kori masu noma da fartanya, wanda ya rage kuma sauri yake ya feshe ciyawa ya bar daji. Galan ɗin maganin da ya ƙare, da shi ake ɗebo ruwa.

Bara muka lura kafaɗar 'yata mai shekara biyar ta karkace. A ƙauyen ta tashi, wajen Inna. Likita a Katsina ya ce ƙashin baya ne, yana iya zama gado, ba zai iya rantsewa ba. Yaya ma ba ta taɓa cewa kifi mutum ne ba. Sai dai wadda zan tambaya tana kabari.

Abin da ya rage mana nata kwali ɗaya ne na takardun Turanci, Inna ta adana shi kusa da Alƙur'aninta. Na karanta su kaf, gargaɗi ne kawai a ciki. Kwanan baya Inna ta tambaye ni ko Hadiza ta rubuta maganin bayan yarinyar. Na ce mata ban duba ba tukuna.