Ƙafafun da Baba Ya Rataye a Ƙusa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina tsugune a bakin titi ina ba tayata iska, babban ɗanka ya kira ni ya ce Baba Mai Gargare ya cika. Na daɗe riƙe da famfon a hannu. Da na duba sai na ga ƙafar da nake ba iskar ma kai ka haɗa ta.

Baba, sana'arka haɗa ƙafafun kekunan tsere ce, kuma ban san wanda ya kama ƙafarka a wannan aiki ba. Shagonka ɗan ƙarami ne, ga gargare rataye har rufi, ga wayoyin ɗaure ƙafar keke a cikin gwangwanaye, kowane tsayi da nasa. In ka gama ɗaure ƙafa sai ka kaɗa wayoyin da farce kana saurara, wadda muryarta ta bambanta ka ƙara mata ɗauri.

Ba ka taɓa yarda cewa akwai ƙafar da ta fi kowace ba. Kafin ka taɓa komai sai ka san nauyin mutum, da hanyar da yake bi, da abin da yake nema a keken. Mai hawan tudu ka ba shi siririn gargare marar nauyi. Mai gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya ka ba shi mai faɗi na kabon, abin nan marar nauyi mai ƙarfi, wanda ke yanka iska. Mai bin titi mai ramuka ka ce ya riƙe na alminiyam, ya bar ƙawa. Ni kuwa, ranar da na zo ina nuna irin na zakarun duniya, sai ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Buhu, waɗannan ko kwana ba za su yi a ƙarƙashinka ba." Ka ƙara mini wayoyi, ka kuma bar ni da sunan Buhu har yau.

Kana da ƙa'ida guda wadda duk mahaya suka sani: ba ka sallama ƙafa sai ka ga mai ita a kanta. Ka zauna a benci a ƙofar shago, mutum ya hau ya je gadar da ake hangowa daga nan ya dawo, kana kallo. Masu sauri sun sha yin fushi, kai kuwa ko a jikinka.

Wannan ƙa'ida ce ta dawo mini da 'yata. Tsinke kake kiranta, don ba ta da jiki. Bara ta ci tsere, aka ba ta kyautar ƙafafu masu faɗin gargare. Ka gargaɗe ta cewa iskar gefe tana kama irinsu kamar faifai, ita kuma ba ta da nauyin da za ta danne su. Murna ba ta bar ta ta ji ba. A kan gada wata babbar mota ta wuce, iska ta ɗauke ta ta maka da ƙasa, ƙashin kafaɗarta ya karye. Ƙashi ya ɗinke, amma tsoro ya zauna. Yarinyar da ba ta iya wuni ba ta hau keke ba, ta koma ko kallonsa ba ta so.

Ba ka yi mata gori ba. Sai ka haɗa mata wasu, sirara, daidai jikinta, ka rataye su a ƙusa kusa da ƙofa. Na roƙe ka ka ba ni in kai mata gida, ko ganinsu zai motsa ta. Ka ce, "Ba naka ba ne, Buhu. Mai su ta zo in gan ta a kai." Watanni suka wuce suna nan. Kullum da safe kana goge musu ƙura.

Sai ciwo ya kwantar da kai, shago ya koma rufe. Da muka je dubiya, ka kama hannunta ka ce, "Jikalle, aikin kowa na sallama, saura naki." Muna fita ta fashe da kuka.

Washegari ita ta fito da keken da kanta. 'Ya'yanka suka ɗauko ka a kujera suka ajiye inda bencinka yake, aka lulluɓe ka da bargo. Na ɗaura mata ƙafafun. Ta hau. Na ga bayanta yana ƙanƙancewa har ta kai gada, iska tana kaɗa rigarta, ba ta taɓa birki ba. Ta dawo ta tsaya a gabanka tana haki. Mu duk muna jiran yabo, sai ka ce, "Waya ɗaya a ta baya tana kuka. Kawo." Aka miƙo maka ɗan makullinka na ɗaure waya, ka murɗa ta kaɗan da hannun da ko kofi ba ya iya riƙewa, ka kaɗa, ka saurara. Sannan ka ce, "To, yanzu naki ne."

Wannan ne aikinka na ƙarshe, Baba, kuma ina alfahari da cewa a gidana yake.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka daidaita wa kowa tafiyarsa, Allah Ya daidaita taka zuwa Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna mai ɗakinka, da 'ya'ya da jikoki, da duk mahayan da ke gudu a kan aikin hannunka. Allah Ya ba mu haƙuri.

Asabar ɗin da ta wuce Tsinke ta koma tsere. Da aka gama ba ta tsaya jin matsayinta ba. Ta wuce kai tsaye zuwa shagonka, ta taka birki a gaban bencin.