Turmin da Ba Ya Mantuwa

Kakana ya yi ritaya daga aikin kafinta na ƙaramar hukuma, Kaka kuma ta bar aikin asibiti, sai suka koma gida Bukkuyum suka kama sassaƙa. Shi ne mai gizago: turmi, taɓarya, akushi, muciya. Ita ce mai zane da ƙarfe mai zafi, kuma ita ce mai baki idan masu saye sun zo. Mu jikoki aikinmu shi ne tattara ɓarɓashin itace, wanda da shi ake hura wutar da muke zagayewa bayan magariba lokacin sanyi.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Sai ta ƙwanƙwasa cikin sabon turmin da ta jingina da shi, ta ce ga ta nan ta fito daga ciki. Mu ce ta fito mu gan ta, muna matsawa jikin juna, don mun san nata ba na dariya ba ne.

Wadda ta fi tsorata ni ita ce ta wani masassaƙi da ya je daji saran kirya. Itaciyar ta yarda ta zama turmi, da sharaɗin abinci kaɗai za a riƙa ba ta. Ya kai wa matarsa, ya manta bai faɗa mata ba. Wata rana matar ta tsinci dutse mai ƙyalli, ta daka shi a ciki don ta yi kwalli, ta wanke turmin tas. Amma duk sanda ta daka fura, sai ya mayar mata da dutsen kaɗan-kaɗan, ba ta gani. Da almuru kuma a ji taɓarya tana daka ita kaɗai, kowane bugu da sunan ɗa guda cikin 'ya'yan matar, daga ƙaramin zuwa babba. Wanda aka kira, da safe ba ya tashi.

A nan Kaka takan dube mu ɗaya-ɗaya, ta fara bugun turmin a hankali. Ni ce ƙarama, don haka ni za a fara kira. Sai in ƙanƙame na kusa da ni. Kakana ya ce ta bar firgita yara, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi.

"Ƙawata," ta ce mini, "icce na shan abin da anka ba shi. Turmin hura, kak ki bari dutsi ya shiga ciki, ko wa yac ce miki."

Haka take gaya wa duk macen da ta sayi turmi. Wasu su yi dariya, su ce tsohuwa ta kwaso tsegumin asibiti ta kawo kasuwa.

Kaka ta rasu kafin aurena. Turmin da na tafi da shi gidan aurena a ƙauyen 'Yargalma na cikin na ƙarshe da Kakana ya sassaƙa, da zanenta a gindinsa. Ina goyon 'yata Nana aka fara shigo da duwatsun zinari cikin gidaje, ana dakawa a tsakar gida. Maigidana ya shigo da buhu, ya ce in ba shi turmi. Ban san komai game da gubar dalmar da ke cikin duwatsun ba, wallahi. Bugun nan kawai na ji a kunnena, da sunan Nana a kai. Na zauna a kan turmin na ƙi tashi. Ya yi faɗa, matan gidan suka yi ta yi mini tsiya, wai uwar ɗiya da tsoron gatana, wato tatsuniya. A ƙarshe ya ara na maƙwabta.

Daga baya yara suka fara jijjiga, ana ta kai su makwanci. Nana ma ta kwanta, don ƙurar ba ta bar gidan kowa ba. Na yi tsoron da ban taɓa yi ba a gaban wutar Kaka. Allah Ya tashe ta. Yaron maƙwabciyata, wanda suke wasa tare, bai tashi ba.

Ban san abin da Kaka ta gani a asibiti har ta ƙulla wannan tatsuniya ba, ban kuma ce turmi ne ya ceci 'yata ba, rai na Allah ne. Na dai daina ganin laifinta na tsorata mu. Yanzu idan Nana da ƙannenta suka ce in yi musu tatsuniya, nakan jawo turmin in ƙwanƙwasa, kuma ba na rage komai daga cikinta.